Ni da Ruwan Saman Sakkwato

An haife ni a wani ƙauye na ƙasar Gwadabawa, arewa da birnin Sakkwato, a gidan malamin gona. Aikin Baba ne ya kai ni boko a lokacin da sa'o'ina mata ke tallan fura, kuma a wurinsa na fara sanin cewa ruwan sama abu ne da ake aunawa. A bayan ofishinsu akwai wani gwangwanin ƙarfe mai mazurari da aka kafa a fili, aka kewaye shi da waya saboda awaki. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai ya tsiyaye abin da ya taru a wata kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta a wani dogon littafi. Da na iya lamba sai ya riƙa miƙo mini kwalbar yana cewa, "Taho, ɗiyata, mi kig gani?" Shi ya koya mini cewa daga tsakiyar ruwan ake karantawa, ban da gefen da ya ɗare jikin kwalba, kuma milimita ɗaya a kwalbar nan lita ɗaya ce ta zuba a kan kowane murabba'in mita na gona.

A daminar 1984 shafukan littafin suka zauna babu rubutu sai jefi-jefi. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi ja, ya bushe a tsaye. Fulani suka riƙa sayar da saniya a kuɗin da bai kai na buhun hatsi ba. Mutanen Adar da Buzaye suka gangaro daga arewa da raƙuma ramammu, mata na bin gida-gida suna neman surfe ko dussa. A gidanmu Inna ta koma jiƙa 'ya'yan anza. Ana zuba su a tukunya, a yi ta sauya musu ruwa kwana da kwanaki har ɗacin ya fita, sannan a dafa. Har yau in na ga anza a daji sai in ji ɗacin nan a maƙogwarona. Ranar da na ture kwanon, kakata ta harare ni ta ce, "Ke kishiya, ci ki gode Allah. Wagga ba yunwa ba ta, ba ki ga 'Yar Gusau ba." Tana nufin yunwar 1942, wadda mutane suka yi ta tafiya Gusau neman hatsi. Ta kuma ji labarin Kakalaba ta 1914 a bakin mahaifiyarta. Kowace yunwa a ƙasarmu tana da suna, kuma tsofaffi da sunayen nan suke lissafin shekarun haihuwa da na aure.

Daga makarantar 'yan mata ta kwana na samu shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sashen labarin ƙasa. Dangi sun so in yi aikin jinya ko koyarwa. Wata gwaggona ta ce ba ta taɓa jin mace ta tafi jami'a don ta karanci yashi da duwatsu ba. Baba bai ce komai ba, ya biya kuɗin rajista. Na yi aure ina aji uku, maigidana kuma bai taɓa hana ni fita aikin daji ba, alhamdulillahi.

Abin da aka koya mana a lokacin a miƙe yake. Hamada tana tahowa kudu, kuma talaka ne ya kira ta: mace mai saran itacen girki, makiyayi mai yawan dabbobi, manomi mai share daji. Akwai ma bayanin kimiyya a bayan zancen. A 1975 wani masanin yanayi Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan kiwo ya cinye ciyawa ƙasa ta yi tsirara, farin yashi yakan mayar da hasken rana sama, iska ta kasa tashi ta haɗa hadari, ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa. Ra'ayi ne mai kyan tsari, ya kuma yi wa masu mulki da masu ba da agaji daɗi, domin ya nuna musu mai laifi a kusa, wanda ba ya iya mayar da magana. Har yau za ka ji a taro ana cewa hamada na cin mita 600 na ƙasar Najeriya kowace shekara. Hotunan tauraron ɗan'adam kuwa tun farkon shekarun 1990 suka nuna cewa bakin Sahara gaba yake yi ya dawo baya: shekarar ruwa kore ya hau arewa, shekarar fari ya janye.

Digirina na biyu a kan itatuwan gona na yi shi, a ƙasashen Illela da Gada da Tangaza. Aikin shi ne a yanki fili da igiya, a ƙirga duk itacen da ke ciki, a auna kaurinsa daidai ƙirji, a rubuta irinsa: gawo, aduwa, magarya, kalgo, bagaruwa, kuka, goriba. Sannan a zauna da dattawa su lissafo abin da yake nan da can amma yanzu babu. A nan zama mace ya yi mini rana. Abokan karatuna maza iyakarsu zaure, ni kuwa har ƙuryar ɗaki, har bakin murhu. Mata su ne suka san itacen da ke hayaƙi da wanda ke garwashi, suka san nisan da ake yi yanzu kafin a cika ɗauri ɗaya, suka san gaba nawa aka ƙara wa igiyar guga tun zuwansu gidan miji.

Wata rana a wani ƙauye kusa da iyaka na tarar da wata tsohuwa ta sauke ɗaurin itace tana hutawa a gindin aduwa. Da ta ji abin da ya kawo ni sai ta ce, "Malama, wai ku ad da karatu, an ce mu munka kore ruwa da saran icce?" Na ce haka ake faɗa, Inna. Ta kwance ɗaurin ta baza mini a ƙasa. Duk sabara ce da geza, babu wanda ya fi hannun yaro kauri. "Wanga in kin sare shi bana, baɗi shina nan ya tohu. Kin ga gawo ciki? Wa ka saran gawo, shi da ka ba gona taki?" Ta ɗaure kayanta, sannan ta ƙara da maganar da ban samu amsarta ba sai bayan shekaru: "Uwayenmu sun ce shekarar Kakalaba daji na har bakin gari, kura na shigowa cikin gida. To wa yas sare icce sa'annan, da ruwa yaƙ ƙi zuwa?"

Game da gawo gaskiyarta ne. Itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Dangin wake ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin da muke saye da tsada a buhun taki. Wanda ya taɓa ganin geron gindin gawo da na nesa da shi ba ya bukatar awo. Masu kayar da itace ɗungurungum da na gani da idona ba masu ɗauri a ka ba ne, masu mota ne da ke kai wa gidajen burodi da masu gawayi a birni.

Amsar tambayarta ta zo mini ne a wani shagon intanet a cikin gari, ina jiran shafi ya buɗe injin wuta na ta ƙara. A 2003 wata masaniya, Alessandra Giannini, da abokan aikinta suka fitar da bincike a mujallar Science. Sun ba kwamfuta bayanin zafin ruwan tekunan duniya na shekaru da dama, ba su gaya mata komai game da saran itace ko kiwo ba, sai ga ta ta fitar da shekarun farin Sahel, wato yankinmu na bakin Sahara, kusan yadda suka auku. Daminarmu dai daga Tekun Atlantika take zuwa. Iska mai laima ce ke tasowa daga kudu maso yamma ta tura busasshiyar iskar Sahara baya, sai ta iso mana wajen ƙarshen Mayu ko Yuni, ta juya a Satumba. Idan arewacin tekun ya yi sanyi a kan kudancinsa, iskar ba ta samun ƙarfin hawowa arewa sosai, mu da ke bakin iyakarta sai mu tashi a tutar babu. Binciken da ya biyo baya ya ƙara nuna cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun a waɗancan shekaru. Na daɗe zaune a gaban kwamfutar nan ina tuna tukunyar anza.

Kada a ɗauka ina wanke gatari. Saran itace na kashe ƙasa. Inda aka share fili tas, iskar bazara na kwashe ƙasar sama, guguwar farkon damina ta binne shuka da yashi, kuma na ga tudun rairayi ya hau katangar gidaje a Gidan Kaura ta ƙasar Gada. Amma lalacewar ƙasa daban, ɗaukewar ruwan sama daban. Na farko yana hannunmu, muna iya gyara shi gona-gona. Na biyu an ƙulla shi ne a wuraren da tsohuwar nan ba ta taɓa jin sunansu ba. Afirka kaf ɗinta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na iskar da ke ɗumama duniya. Na sha faɗin haka a tarukan ƙasashen waje, a tafa, a tafi shan shayi.

Digirin digirgir ya mayar da ni fadama. Duk wanda ya san Sakkwato ya san tudu na ba da gero da wake ne kawai na wata huɗu, fadamar Rima ita ce ke riƙe da mutane sauran shekara: shinkafa, albasa, tafarnuwa, rake, dankali, kifi, da ciyawar rani ga shanun Gudali. Da can gulbi kan cika ya malala, ya bar laka sabuwa, a shuka shinkafar da ke tashi tare da ruwa. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Sun kawo noman rani, Goronyo kuma na shayar da birni. Amma ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori sun rasa ambaliyar da suka saba da ita, shinkafa ta ragu, wasu fadamun suka koma gero da dawa, masunta suka rage. Daga baya rijiyoyin tiyo da injin ban-ruwa suka cika fadama, abin ya taimaka ƙwarai, sai dai yanzu a ƙarshen rani za ka ga manomi ya haƙa rami ya saukar da injinsa ciki don ya cim ma ruwan da ya gudu ƙasa. Wannan ba ya cikin littafin ma'aunin ruwan sama ko ɗaya, kuma wanda ya ɗora komai a kan sauyin yanayi ya bar rabin labari.

Sai ga Satumbar 2010. Rima ta cika ta batse, ta ci garuruwa a Goronyo da Wurno da Kware da Wamakko, ta yanke hanyar da ke zuwa mazaunin jami'a na dindindin. Malamai da ɗalibai da mutanen Kwalkwalawa da Dundaye duk muka koma shiga jirgin ruwa. Ina zaune a ciki da jakar takarduna a cinya, muna wucewa ta saman gonakin da na auna da hannuna, kan dawa kaɗai ke leƙowa. Mai tuƙin, wani dattijo Basarke, ya ce da ni, "Hajiya, ku da kunka ce hamada za ta cinye mu, ga ta nan kin gani." Jirgin duka aka yi dariya, har da ni. Shekara takwas bayan haka, a ranin 2018, ruwan madatsar Goronyo ya janye har aka ba da rahoton ya koma kusan kashi 10 cikin 100, ana fargabar ruwan sha a birni. Gulbi ɗaya ne, mutane ɗaya.

Wannan shi ne abin da na fi daɗewa a kansa, kuma shi ne ya fi wuyar bayyanawa ga jami'in da ke son amsa a jimla ɗaya. Ruwan sama ya dawo Sahel tun daga shekarun 1990, bai kai na shekarun 1950 ba amma ya fi na lokacin fari nesa ba kusa ba. A shekara mai kyau Sakkwato na samun milimita 600 zuwa 700. Sai dai halinsa ya sauya. A 2017 wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda ya fito a mujallar Nature, ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsananin ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, kuma an danganta hakan da ƙarin zafin da Sahara ke yi. Ruwan da ya kamata ya sauka a mako uku sai ya sauko a dare ɗaya, kamar ka juye bokiti gaba ɗaya a bakin tulu: kaɗan ne zai shiga, saura ya bi ƙasa. Ya tafi da taki, ya yanka kwazazzabo, ya rusa ginin laka. Sannan sama ta yi tsit kwana goma sha, shuka ta ƙone. A ƙarshen shekara jimilla ta fito daidai, a rubuta cewa damina ta yi kyau, manomi kuwa ya yi shuka sau biyu ko uku, irinsa ya ƙare.

Manoma sun riga mu gani. Wani dattijo a Wurno ya ce mini, "Ruwan dauri da ladabi shikai. Malka ta kwana uku tana yayyahi, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Na yanzu hwaɗa shika zowa yi." Masu bizne, wato shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari, su suka fi shan wuya, domin yayyafi kaɗan ya isa ya tsirar da iri, in ba a ƙara ba ya mutu. Shi ya sa da yawa suka karɓi gero mai saurin nuna irin su Sosat. Shamuwa ma, da zuwanta ke sa a fara gyaran gona, yanzu sai a haɗa da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, da ake ji a rediyo.

Don in gwada maganar dattawa da lamba, na bi tsoffin ofisoshin gona ina neman littattafan awo irin na Baba. A wani ofishi da ba zan ambata ba, aka buɗe mini wani ɗaki, na tarar gara ta gina gida a cikin kabad, awon shekaru masu yawa ya zama ƙasa. A wani wurin ma'aunin na nan amma an mayar da shi mazubin goro. Ba abin da ya taɓa ƙona mini rai a aikin nan kamar wannan. Tauraron ɗan'adam na iya ƙiyasta ruwan yau, amma ruwan da ya sauka a Tangaza a wata ranar Agusta shekara hamsin da suka wuce, in takardar ta tafi ya tafi ke nan.

Abin da ya fi faranta mini rai kuwa a ƙetaren iyaka na gan shi. Na bi ta Illela da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi don in ga abin da suke kira sassaben zamani. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, shi ya lura a 1983 cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Maimakon a share duka, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse saura, a kare su daga awaki. Babu dashe, babu ban-ruwa. Da manoma suka tabbata itacen nasu ne, ba mai gandun daji da zai ci su tara in sun yi amfani da shi, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Hausawa ne 'yan'uwanmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, amma gonakinsu sun fi namu itace.

Mu kuwa mun fi son biki. Na halarci dashen itace ba adadi: a kafa rumfa, babban baƙo ya sa dogonyaro a rami, a zuba ruwa da buta mai kyau, a ɗauki hoto. In ka koma bayan wata uku sai ramin. Shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato kafa shingen itatuwa a bakin Sahara, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, wanda Sakkwato ke cikin jihohi 11 da ya shafa a Najeriya, niyya ce mai kyau, kuma a ganina zai yi nisa ne gwargwadon yadda ya bar manomi ya mallaki itacen gonarsa. Na gwada sassaben da wasu manoma a ƙasarmu. Waɗanda gonar tasu ce sun riƙe. Masu aro da masu jingina sun ƙi, kuma da hujjarsu: wa zai reni gawo shekara goma a gonar da za a iya karɓewa baɗi?

Yanzu wasu filayen da na yi shekaru ina bibiya a gabashin jihar ba na iya zuwa, saboda rashin tsaro. Mutanen da suka ba ni fura da tabarma a can, wasunsu suna gudun hijira a cikin birni. Abin da ya rage mini shi ne 'yan ma'aunai na roba da na raba wa malaman firamare a ƙauyuka. Duk safiyar da aka yi ruwa sai su ɗauki hoton awon su turo mini ta WhatsApp, wani lokaci bayan kwana biyu in sun samu sabis.

Hankalina kuma ya koma kan zafi. Mun saba da digiri 40 da ɗoriya a Afrilu, har muna alfahari da shi. Amma azumin 2024 ya nuna mana wani abu: a ranar 3 ga Afrilu garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma mu ma nan mun ji a jikinmu. Abin da ke kayar da tsofaffi da jarirai shi ne daren da ba ya hucewa, a ɗakin bulo mai rufin kwano, babu wuta, babu itace a tsakar gida. Ni da ɗalibaina mata biyu mun fara rataya ƙananan na'urorin auna zafi a ɗakunan kwana a Mabera da Runjin Sambo da tsohon gari, wasu a ginin siminti, wasu a soron laka mai azara, wasu a gidan da ke da dogonyaro, wasu a wanda aka sare aka yi shago. Matan gida ne ke kula mana da su, su hana yara taɓawa. Sakamakon farko zai fito bayan bazara mai zuwa in Allah ya kai mu, kuma na riga na yi wa maginan unguwarmu alkawari cewa su za su fara ji kafin kowace mujalla.